Daminar da Zulai Ta Daina Jijjiga

Zulai ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta rasu a kakar bara tana da shekara ashirin da 'yan kai, bayan jinyar da ta ɗauke mu tun daga noman farko har zuwa girbin gero. Na daɗe ina juya abin a raina kafin in zauna in rubuta. Abin da ya sa na daure shi ne na san akwai gidaje da yawa a ƙauyukanmu da suke da irinta, tana zaune a gindin bango ba ta damun kowa, kuma abin da ya ruɗe mu zai iya ruɗar su.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Bagwai, irin wanda kana fitowa daga zaure za ka taka kunyar gero. Ni aure ya kai ni wajen Makoda. A gida aka bar Inna, mahaifiyarmu, da Zulai, sai Kawu Sale, ƙanin mahaifinmu, da iyalinsa a ɗaya sashen. Baba ya daɗe da rasuwa.

Tun tana ƙarama Zulai daban take. Ba ta kallon idon mutum. Ba ta yi magana ba sai da sa'o'inta suka yi nisa a makarantar allo, maganar ma gajera ce, kalma biyu ko uku. Ba ta son a taɓa ta, ko ni da na goye ta sai na faɗa mata tukuna. Ƙarar injin niƙa tana sa ta toshe kunne ta durƙushe. Amma idan aka ba ta wake ta tsince, ko tsakuwa ɗaya ba za ka samu ba, kuma awakin gidanmu ita kaɗai suke bi ba tare da igiya ba.

Abin da kowa ya san ta da shi shi ne jijjiga. Za ta naɗe ƙafa a kan tabarma tana yin gaba tana yin baya, ga wani tsohon gwangwanin madara cike da 'ya'yan tsamiya, tana zubo su a tafin hannu tana mayarwa, da wani ɗan sauti da take yi a maƙogwaro. In tana murna jijjigar tana da sauri, in ta tsorata takan yi ƙarfi har bayanta ya riƙa bugun bango. Mutane sun ce iska ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, har an taɓa ɗaure mata hannu da ɗankwali, Baba ya shigo ya kwance ya ce kada a sake.

Wani abin kuma sai wanda ya zauna da ita ne ya sani. Zulai ba ta san "gobe" ba, ba ta san "anjima" ba. Idan ka ce mata anjima za ka dawo, za ta tsaya a bakin ƙofa tana rawar jiki kamar ka ce ba za ka ƙara dawowa ba. Sai muka koyi jera mata abubuwa. In zan fita sai in ce, "Za a kira azahar, za ki ci ɗanwake, za a shigo da awaki, sai in dawo." Ita kuma bayan kowanne ta ce, "Sai me?" har a kai ƙarshe, sannan ta koma tabarmarta hankali kwance. Abin da ya wuce kuwa ba ya tsufa a wurinta. Shekaru bayan rasuwar Baba takan ɗago kai ta ce, "Baba ya fita bai sa hula ba," kamar ɗazu ne. Ni ma duk zuwan da zan yi gida, gaisuwarta ɗaya ce: "Yaya, kin tafi da koren akwati." Akwatin aurena take nufi, kuma zafin yana nan a muryarta kamar jiya aka ɗauke ni. Wata ranar kuma ta zauna da tsamiyarta tun hantsi har la'asar, ba yunwa ba ƙishi, in an taɓa ta ta ce yanzu ta zauna.

An gama noman farko ke nan Kawu Sale ya kira ni a waya, muryarsa fal murna. Ya ce, "Karime, albishirinki. Zulai ta warke." Wai ya samo wani turare a kasuwa, an yi mata hayaƙinsa, tun daga nan ta daina jijjiga. Inna har ta soya ƙosai ta yi sadaka. Na yi hamdala tare da shi, amma da na ajiye wayar hankalina bai kwanta da labarin ba. Na roƙi maigidana, Malam Isyaku, ya sa aka kai ni a babur.

Na tarar da ita jingine da rumbu, hannuwanta a cinya, gwangwanin yana gefe a rufe. Tun da nake ban taɓa ganinta haka ba sai in barci take. Ba ta ma yi min maganar akwati ba.

Na durƙusa na ce, "Zulai, ina tsamiyarki?"

Ta ce, "Nauyi."

"Me ke da nauyi?"

"Duka."

Na ce zan taɓa ƙafarta, ba ta hana ba. Na ɗaga bakin zanenta, sai na ga ƙafafu sun kumbura sun yi sheƙi. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Inna ta ce ai ta lura, ta ɗauka ƙiba ce tunda yanzu tana samun hutu. Ta ce kuma kwanan nan a zaune take barci, in ta kwanta sai tari.

Da na yi wa Kawu maganar asibiti ransa ya ɓaci. Ya ce, "Shekara nawa muna roƙon Allah yarinyar nan ta zauna kamar mutane? Yau ta zauna, ke kuma kin zo kin ce ciwo ne."

Na ce, "Kawu, don Allah ka zo ka dubi ƙafarta."

Ya zo ya duba, ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce a je ɗin, amma shi yana ganin ƙarshen iskar ne yake fita ta ƙafa.

A makon farko ɗan ƙaramin asibitin da ke kusa da mu muka je. Ma'aikacin da muka samu ya tambaye ta yaushe ciwon ya fara. Ta dubi bango ta ce, "Ranar da jar akuya ta haifi uku." Inna ta ce ai wannan tun bara waccan ne. Ya yi dariya ya ce to sai mu mu faɗa masa, mu kuwa ba mu sani ba. Ya ba mu maganin zazzaɓin sauro da na taifod, ya ce a rage mata gishiri. Muka dawo, ta shanye maganin, ƙafa ba ta saɓe ba, kumburin ma sai ya haura zuwa ciki.

Mako na biyu na 'yan dubiya ne da shawarwarinsu. Wannan ta ce jiƙon sabara, wancan ya ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho. Wata gwaggonmu ta ja ni gefe ta ce kada in wahalar da kaina da mijina, wai irinsu dama ba sa daɗewa. Har yau ban manta da maganar nan ba. A cikin masu zuwan nan akwai waɗanda suka kawo gero, da wadda ta ɗauke mana girki, da wanda ya je ya nome wa Inna gonarta ba a roƙe shi ba. Ban manta da su ba. Malam Isyaku ya zo ya ganta, ya ce min in zauna har yadda Allah ya yi, ƙanwarsa za ta kula da yara. Ya sayar da tunkiyarsa, mu ma muka fitar da biyu daga cikin awakin Zulai, muka tafi babban asibiti.

A layin ganin likita na gane irin abin da jijjigar nan take tare mata. Mun zo da sassafe, aka karɓi katinmu aka ce mu zauna anjima za a kira. Benci cike, yara suna kuka, fanka tana ƙara, ba wanda ya san yaushe likita zai zo. Ta fara tambayata, "Sai me?" Na ce za a kira mu. "Sai me?" Ba ni da abin jerawa, don ni ma ban sani ba. Ta yi ƙoƙarin yin gaba da baya, sau biyu sau uku numfashi ya gagare ta. Sai ta kai bayan hannunta baki ta ciza har ya fashe, tana wani kuka siriri. Mutane suka matsa. Na ji wata tana cewa me ya sa ba a kai ta wajen mahaukata ba.

Wani dattijo da ke zaune a gefenmu, da carbi a hannunsa, ya tambaye ni abin da take so. Na ce so take a faɗa mata abin da zai biyo bayan wani. Ya ɗan yi tunani, ya leƙa layin, ya ce ba tare da ya kalle ta ba, "'Yata, kin ga mai jar hular can? Shi zai fara shiga. Sai mai goyo. Sai tsohuwar nan mai sanda. Sai ni. Sai ke." Ta cire hannun daga bakinta ta zuba wa mai jar hula ido. Duk wanda ya shiga, dattijon ya sake jera mata waɗanda suka rage. Da layi ya zo kansa ya ce mu shiga, shi zai jira. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Allah ya saka masa da alheri.

Likitan ya saurari ƙirjinta ya daɗe, ya ce zuciya ce, kuma aikin ya fi ƙarfinsu, sai cikin birni. Haka muka shiga motar Kano, ni da ita da Inna, ta toshe kunnuwa tun daga tasha har muka sauka. Aka yi hoton ƙirji, aka yi na zuciya, aka ɗebi jini, kowanne da layinsa da kuɗinsa, wani ma sai an fita waje an yi. Aka ba mu gado.

Makon farko a ɗakin nan shi ne mafi wuya. Fitila ba a kashe ta, safiya da yamma duk kamarsu ɗaya. Ba fitar awaki, ba dawowar manoma, ba daka, kiran salla ma ya haɗu da ƙarar motoci ba a rarrabe shi sosai. Ga allura ba sanarwa, ga hannuwa suna taɓa ta ta ko'ina. Da ta ɗan samu ƙarfin buɗe gwangwaninta, matar da ke gadon kusa da mu ta yi ƙorafin ƙara. Hajiya Falmata sunanta, 'yar asalin Borno ce amma a Kano ta tsufa, hawan jini ne ya kwantar da ita. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta karɓe gwangwanin ta sa a aljihun tebur, ta ce nan ba wurin wasa ba ne. Daga nan Zulai ta rufe baki, ba ci ba magana.

Wata rana da yamma ina ba ta kunu tana kau da kai, sai ta ce a hankali, "Yaya, rana ta tsaya."

Na ce, "Ba ta tsaya ba, ga shi an yi la'asar."

Ta ce, "Ta tsaya. In na yi haka," ta ɗan motsa kafaɗarta gaba, "sai ta tafi."

Shekara ashirin ina kallon jijjigar nan, ranar ce ta fara faɗa min amfaninta.

Washegari da likitoci suka zo zagaye, akwai wata matashiya mai farin gilashi a cikinsu. Ita kaɗai ce take cewa, "Zulai, zan taɓa hannunki," kafin ta taɓa. Na daure na faɗa mata abin da Zulai ta ce, ina tsoron kada ta yi dariya. Ba ta yi ba. Bayan sun gama ta dawo ita kaɗai, ta jawo kujera, ta yi ta tambayarmu yarintar Zulai, da maganarta, da abin da take tsoro.

Abu biyu ta faɗa mana ranar. Na farko, akwai wata ƙofa a cikin zuciya da ta tsuke, kuma ta daɗe a haka, mai yiwuwa tun wani ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba. Ta ce da an gano da wuri da akwai abin yi da yawa. Yanzu sai tiyata, tiyatar kuma kuɗinta ba na irinmu ba ne, ko da akwai su ma jikin ya yi rauni. Inna ta tambaye ta ko zai yiwu tun bara waccan take jin ciwon. Ta ce zai yiwu ƙwarai. Ni da Inna muka dubi juna, kowa ya tuna jar akuya.

Na biyu, ta ce halin Zulai yana da suna, otizim, wasu suna cewa galahanga. Ta ce ba iska ba ce, ba hauka ba ne, haka Allah ya halicce ta. Ta ce, "Da yawa daga cikin masu wannan halin ba sa jin wucewar lokaci yadda muke ji. Wani jiran na ɗan lokaci sai ya zame musu kamar ba shi da ƙarshe, wani yinin kuma ya wuce ba su sani ba. Motsin nan da suke maimaitawa yana kwantar musu da jiki, wasunsu kuma da shi suke riƙe lokacin. Kada ku hana ta." Sai ta ƙara wata magana da ta zauna min har yau. Ta ce, "Irinsu ba kasafai suke cewa ga inda ke ciwo ba. Canjin hali shi ne kukansu. In wanda ya saba motsi ya yi shiru, a duba jikinsa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Likitar ta dafa ta ta ce, "Inna, ba ku sani ba ne. Gidaje da yawa haka suke ɗauka."

Da hannunta likitar ta ɗauko gwangwanin ta miƙa wa Zulai. Hajiya Falmata, wadda ashe duk tana ji, ta kwance wani tsohon ɗankwali mai kauri ta ce a shimfiɗa mata a cinya ta riƙa zubawa a kai, ƙarar za ta ragu. Ta ce, "Ki yafe ni, 'yar nan, ban san magani na raba ta da shi ba." Daga baya ita ce ma take jera wa Zulai yinin asibiti in na fita sayen magani: mai shara, sai mai awon jini, sai likitoci, sai abinci, sai Yaya ta dawo.

Maganin da suke ba ta mai sa fitsari ne. A mako na biyu ƙafa ta fara saɓewa, ta iya kwanciya da filo biyu. Wata safiya ina wanke kwanuka a waje Inna ta leƙo ta yafito ni. Na shigo na tarar da Zulai zaune a tsakiyar gado ta naɗe ƙafa, tana gaba tana baya, a hankali, da ɗan sautin nan nata. Inna tana tsaye hawaye yana zuba tana cewa alhamdu lillahi. Ranar Kawu Sale ya zo dubiya da ƙullin fura. Ya tsaya a bakin gado yana kallonta. Da zai tafi na raka shi, a bakin ƙofa ya ce, "Ashe lafiyarta ce muke ta yi wa hayaƙi."

Aka sallame mu gero yana fitar da kai. Makonnin da suka biyo baya su ne nake komawa a raina duk lokacin da kewa ta taso min. Muka ɗaure mata shan magani da abubuwan da ta sani: mai farin launi bayan kunu, ƙaramin bayan azahar, ɗayan in an shigo da awaki. Ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, ita take tuna mana. Ta nemi awakinta biyu da aka sayar, na faɗa mata gaskiya, ta yi kwanaki tana kiran sunayensu a bakin turke. Da rana mukan zauna a inuwar darbejiya, ni ina gyaran kuɓewa ita tana abinta, yaran Kawu suna kawo mata sababbin 'ya'yan tsamiya tana zaɓa tana ƙin wasu. Ba wanda ya ƙara ce mata ta zauna daidai.

Wani yammaci bayan an ɗauke ruwa, ƙasa tana ƙamshi, ta ce, "Yaya, sai me?" Na ce za a yi magariba, mu ci tuwo, mu kwanta. Ta ce sai me. Na ce gari ya waye. Yawanci nan take tsayawa, amma ranar ta ci gaba. Na ce sai gero ya nuna a girbe. Sai me? Sai a cire gyaɗa, in yi miki ƙuli-ƙuli. Sai me? Sai dawa, sai sanyi, sai a ɗinka miki sabon zane. Tana ta gaba da baya, fuskarta a sake, kamar labari nake ba ta. Ta sake cewa, "Sai me?" Na buɗe baki, maganar likita ta faɗo min, na kasa. Na ce bari in duba tukunya, na shiga madafa na tsaya.

Sauƙin bai daɗe ba. Mun koma ganin likita sau ɗaya, hanya duk taɓo, babur ya kai mu titi da ƙyar, muka yini a layi, ta dawo a galabaice. Ɗaya daga cikin magungunan ya yi wuya, sai an aika birni, wani lokacin a samu wani lokacin a dawo hannu wofi. Kumburin ya dawo, wannan karon har fuska. Jijjigar ta fara raguwa, mu kuma yanzu mun san ma'anar hakan. Na kira likitar nan a waya, don ta ba ni lambarta. Ta ce a kawo ta a kwantar, amma ba ta ɓoye min ba, ta ce abin da za su iya yi kaɗan ne, sai dai rage mata wahala.

Na je na jera wa Zulai: babur, sai mota, sai gado, sai likita mai gilashi. Ta riƙe bakin tabarma da hannu biyu ta ce, "A'a." Na sake gwadawa washegari, ta ce, "A'a. Nan." Muka zauna da Inna da Kawu da Malam Isyaku. Kawu ne ya ce a bar ta inda ta san safiya ta san yamma. Likitar ta yarda, ta faɗa mana yadda za mu ƙara maganin da yadda za mu tokare ta da filo, kuma takan kira da kanta ta ji yadda aka kwana. Har yau ban san ko da mun tilasta mata da ta ƙara wasu kwanaki ba. Na bar wa Allah wannan.

Ga wanda yake da irin Zulai a gida, roƙona kaɗan ne. Kada a raba shi da motsinsa. In ya canza, ko ya ƙaru ko ya ragu, a duba ƙafa, a duba ciki, a saurari numfashi, a kai shi asibiti ko bai ce komai ba. In likita ya tambayi yaushe ya fara, kada a yi dariyar amsarsa, a bi ta a gani. In za a jira, a jera masa abin da ke gaba. Ciwon maƙogwaro na yara kuma kada a raina shi.

Makonta na ƙarshe ya zo daidai da girbi. Maza suna shigowa da dammunan gero, gida ya cika da ƙaiƙayi da hayaniya, ita kuma ko gwangwanin ba ta iya ɗagawa. Tana jingine a ɗakin Inna, idonta a kan hasken ƙofa, numfashi sama-sama. Na ga bayan hannunta yana tafiya baki, na ce, "Zulai, me kike so?"

Ta ce, "Yaya, ki yi min."

Ban gane ba da farko. Ta kamo bakin rigata ta ja. Ita da ba ta son a taɓa ta. Na hau gadon na zauna a bayanta, na jingina ta a ƙirjina, na zagaye ta da hannuwana, na fara yin gaba da baya. Ta ce, "Sauri." Na gane saurin ya yi mata yawa, na rage, ta ce, "Haka." Na ji jikinta ya saki, sautin nan na maƙogwaro ya dawo ƙasa-ƙasa, ina jin sa a ƙashin ƙirjina.

Haka muka yi kwanakin da suka rage. In bayana ya gaji Inna ta karɓa, in Inna ta gaji matar Kawu ta karɓa. Duk ta yarda da mu, amma kowa sai ta gyara masa sauri.

Ranar da za ta tafi, da hantsi ne. Ta sha kunu cokali biyu, ta sha farin maganinta. Mata suna sussuka a tsakar gida, ni ce a bayanta, Inna tana zaune a bakin gado tana karanta mata abin da ya sawwaƙa. Ban san daidai lokacin da sautin ya ɗauke ba. Na dai ji ta ƙara nauyi, kanta ya kwanto a kafaɗata. Na ci gaba da yi. Na ji Inna ta yi salati, na ji an ajiye taɓare a waje, na ji matar Kawu ta shigo ta fita, ni dai ina gaba ina baya da ita, don na kasa gane yadda zan tsaya. Sai da Inna ta taso ta dafa kafaɗata da hannu biyu.

Ta ce, "Tsaya haka, Karime. Ta daina jira."

Allah ya jiƙan Zulai, ya sa inda ta je ya fi nan sauƙi.